Tun Ran Gini Ran Zane: Jagorar Tsara Fasahar Kwamfuta a Jami'a da Tafiyar da Ita

Da yawa daga cikin 'ya'yan Dawanau da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Dawakin Tofa, Tofa, Ungogo da Bichi, daga gona kuɗin karatunsu ke fitowa. Uba ya kai buhun wake ko na riɗi kasuwa, a auna a biya shi, ya damƙa wa ɗansa ko 'yarsa kuɗin rajista. Daga wannan lokaci al'amari ya bar hannun manomi ya koma hannun kwamfuta, ko a Jami'ar Bayero yaron yake, ko a Jami'ar Northwest, ko a ta Wudil, ko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi.

Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A 2017 ta kawo tsarin CAPS na bayar da gurbin karatu, daga 2021 kuma ba a yin rajistarta sai da lambar NIN. Jami'o'in tarayya suna karɓar kuɗi ta Remita tun da aka aiwatar da asusun bai ɗaya a 2015. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ba ya tantance ɗalibi sai makarantarsa ta ɗora bayanansa. Haka ma tafiya bautar ƙasa.

Duk da haka, har gobe ana jin ɗalibi yana cewa, "Na biya, amma fotal bai nuna ba," ko "Sakamakona bai fito ba," ko "Sunana bai hau jerin masu bautar ƙasa ba." Amsar da ya fi samu ita ce, "Ka dawo gobe, babu netwok." Ga yaron da ya biya kuɗin mota daga ƙauye, wannan goben tana da tsada.

Tushen matsalar sau da yawa ɗaya ne: kowane ofis ya sayi tasa manhajar shi kaɗai, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗinke su. An rubuta wannan jagora domin shugabannin jami'a, magatakarda, ma'aji, shugabannin tsangaya da ma'aikatan sashen kwamfuta, musamman na sababbin jami'o'in da ake ta buɗewa a Kano. Saƙonta shi ne a zana tsari, a san mai iko da kowane bayani, sannan a fitar da kuɗin sayen na'ura.

Ginshiƙai biyu: taswira da iko

Aikin yana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce taswira, wato rubutaccen zanen da ke nuna ayyukan jami'a, bayanan da take ajiyewa, manhajojin da ke sarrafa su, da na'urorin da ke ɗauke da su. Ta biyu ita ce iko: wa ke yanke hukunci, wa ke aiwatarwa, wa ke bin diddigi.

Ilimi ne da aka daɗe ana ginawa. John Zachman na kamfanin IBM ya wallafa tsarinsa a 1987. Tsarin TOGAF, wanda ya fito a 1995, yana kasa taswira gida huɗu: aiki, bayanai, manhaja da na'ura. A ɓangaren iko akwai COBIT na ƙungiyar ISACA tun 1996, da mizanin ISO/IEC 38500 na 2008, wanda ya taƙaita aikin shugabanni a abu uku: su auna, su bayar da umarni, su sa ido. A gida Najeriya, hukumar NITDA ta fitar da nata tsarin taswirar fasaha na ma'aikatun gwamnati a 2019. Ba lallai ne jami'a ta haddace waɗannan kundaye ba. Ta ɗauki abin da ya dace da ƙarfinta.

Wanda ya san kasuwar Dawanau ya riga ya fahimci rabin darasin. Masu wake da wurinsu, masu doya da nasu, masu rogo da nasu. Mai saye daga Nijar ko daga Legas yana ciniki da natsuwa saboda ya san awo sananne ne, kuma idan rigima ta tashi akwai shugabannin da za a kai wa ƙara. Da kowace rumfa za ta ƙirƙiro nata girman kwano, da ciniki ya watse. A harkar kwamfuta ta jami'a, rabon wuri da awo ɗaya su ne taswira, shugabanci kuwa shi ne iko.

Mataki na ɗaya: a bi sawun ɗalibi

Kada a fara da ɗakin na'ura. A samu babban allo, a tara mutum ɗaya daga kowane ofis: na ɗaukar ɗalibai, na kuɗi, na jarrabawa, na harkokin ɗalibai, ɗakin karatu, asibitin jami'a, da ɗalibai biyu ko uku, ciki har da mace da kuma wanda ke zuwa daga ƙauye. A zana tafiyar ɗalibi tun daga ranar da ya karɓi gurbi a CAPS: tantance takardu, biyan kuɗi, samun lambar rajista, zaɓen kwasa-kwasai, ɗakin kwana, jarrabawa, amincewar majalisar malamai da sakamako, kammalawa, bautar ƙasa, har zuwa neman takardar cikakken sakamako bayan shekara goma.

A kowace gaɓa a yi tambaya huɗu. Wa ke yin aikin? Wane bayani yake karɓa, daga wa? Wane yake miƙawa, ga wa? Kwana nawa abin ke ɗauka? Duk inda aka ga ana sake buga abin da wani ofis ya riga ya buga, ko ana ɗaukar bayani a filashi daga bene zuwa bene, a yi wa wurin jan layi. Nan kuskure ke shiga.

Bayan ɗalibi, a yi wa ma'aikaci irin wannan zane daga ɗauka zuwa ritaya, a yi wa naira daga shigowa zuwa kashewa, a yi wa bincike daga neman tallafi zuwa wallafawa. A kuma ware ƙofofin da ke fita waje: JAMB, NIMC mai bayar da NIN, Remita, NELFUND, NYSC mai kula da bautar ƙasa, NUC da TETFund. Waɗannan ba sa ƙarƙashin ikon jami'a, kuma suna sauyawa. A watan Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin albashi na IPPIS. Jami'ar da ke riƙe da cikakken kundin ma'aikatanta a gida ba ta girgiza da irin wannan sauyi.

Mataki na biyu: a ƙirga abin da ke hannu

A buɗe kundi guda, a rubuta kowace manhaja da kowace babbar na'ura, har da 'yar takardar Excel da jami'in jarrabawa na sashe ke haɗa maki a cikinta. Gaban kowacce a cike waɗannan gurabe: aikinta, ofishin da ke amfani da ita, wanda ya gina ta, inda take zaune, wanda ke riƙe da babbar kalmar sirri, ranar ƙarewar lasisi ko kwangila, kuɗinta a shekara, da ranar da aka yi mata kwafin ajiya na ƙarshe.

Kada a manta da sunan shafin jami'a mai ƙarewa da edu.ng. A bincika da imel ɗin wa aka yi masa rajista, da ranar sabunta shi. Idan da imel ɗin wani tsohon ma'aikaci ne ko na ɗan kwangila, a gyara a makon nan.

Daga nan a yi wa kowace manhaja ɗaya daga hukunci huɗu: a bar ta, a gyara ta, a haɗe ta da wata, ko a yi mata ritaya. A yi wannan ƙirga ba tare da neman mai laifi ba. In ma'aikata suka ji ƙamshin tuhuma, za su ɓoye abin da ake nema.

Mataki na uku: kowane bayani da mai shi

Nan ne zuciyar aikin. Dokar ita ce: kowane bayani yana da mazauni ɗaya da mai shi ɗaya, sauran ofisoshi daga can suke ɗiba. Sunan ɗalibi, ranar haihuwarsa da matsayin karatunsa na magatakarda ne. Biyan kuɗi na ma'aji ne. Jerin kwasa-kwasai da nauyin kowanne na ofishin tsare-tsaren karatu ne. Maki na malami ne da sashensa har majalisar malamai ta amince, daga nan ya zama kulle. Sashen kwamfuta mai gadi ne kawai. Bai mallaki maki ba, bai kamata ya iya sauya shi don kansa ba.

A ƙasar Hausa wannan doka ta fi muhimmanci saboda yadda sunayenmu suke. Yaro ɗaya zai zama Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a JAMB, Muhammadu a NIN. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, Dawanau ko Tofa, a wata takardar kuma ya sa na kakansa. A aji guda sai a tarar da Abubakar Sani uku da Aisha Ibrahim huɗu. Waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba kuwa, da yawa 1 ga Janairu aka ba su. Saboda haka kada a taɓa haɗa bayanai da suna. A haɗa da lamba.

Kowane mutum ya samu lamba ɗaya ta dindindin ranar da ya fara shiga rumbun bayanai, a ɗaure ta da lambarsa ta JAMB da ta NIN. Kada a cusa wa wannan lamba ma'anar sashe ko tsangaya, domin ɗalibi na iya sauya kwas, ko ya dawo digiri na biyu, ko ya zama malami. Lambar rajista da aka saba da ita ta ci gaba da aikinta a kan takarda, ta dindindin kuwa ta zauna a ƙarƙashi. A tabbatar rumbun yana karɓar haruffa masu lanƙwasa da alamar alhamza, don kada Ɗanladi, Ƙasimu, Sa'adatu da Mu'azu su lalace a takardar shaidar digiri.

A rubuta hanya guda ta gyaran suna ko ranar haihuwa: takardun da za a kawo, wanda zai sa hannu, da kwanakin da ba za a wuce ba. A yi wannan tantancewa a zangon farko na shekarar farko. Barinta sai an zo tafiya bautar ƙasa shi ke sa yaro ya yi asarar shekara.

A kuma rubuta ɗan ƙaramin kundin ma'anoni. Wane ne ɗalibi mai rajista: wanda ya biya kuɗi, ko wanda ya zaɓi kwasa-kwasai, ko wanda ya yi duka biyun? In ba a daidaita wannan ba, ma'aji da magatakarda za su kai wa majalisa adadi biyu mabambanta, kowa kuma yana da gaskiya.

Mataki na huɗu: manhajoji su san juna

Ba dole ne manhaja ɗaya ta yi komai ba, amma dole su riƙa miƙa wa juna bayani kai tsaye ta ƙofar da aka rubuta ƙa'idarta. Misali mafi kusa shi ne biyan kuɗi. Fotal ya samar da lambar biyan kuɗi ta Remita, wato RRR, ɗalibi ya biya, fotal ya tambayi Remita da kansa ya buɗe rajista. Domin saƙo kan ɓace a hanya, a sa wa ɗalibi maɓallin sake tambaya, kuma kowane dare na'ura ta gwada jerin waɗanda suka biya da na waɗanda aka buɗe wa. Bambancin ya isa teburin ma'aji da safe, kafin ɗalibin ya hau mota.

Kafin a saya ko a gina, a bi wannan jeri. Da farko, ko muna da mai yin aikin a hannu? Na biyu, ko akwai ta kyauta da duniya ta gwada? Moodle tana ɗaukar darussa tun 2002, Koha tana tafiyar da ɗakin karatu, DSpace tana adana kundayen bincike. Na uku, saye. Na ƙarshe, ginawa a gida, kuma sai a abin da ya keɓanta da dokokin jami'ar, kamar lissafin maki da sharuɗɗan kammalawa. Abin da aka gina a gida, a ajiye rubutun lambobinsa a ma'ajiyar jami'a tare da bayani, aƙalla mutum biyu su san cikinsa.

A ba kowa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya da za su buɗe masa fotal, imel, ɗakin karatu da intanet ɗin harabar. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, rufe ƙofa ɗaya ya rufe duka.

A gina fotal da tunanin ƙaramar waya da raunin sabis. Shafi ya zama marar nauyi, fom ya riƙa adana abin da aka cike idan layi ya yanke, saƙo mai muhimmanci ya tafi ta tes. Yara da dama a kafe suke rajista, sai mai kafe ya sa tasa lambar waya da nasa imel. A tilasta tabbatar da lambar wayar ɗalibin kansa da sauya kalmar sirri a shigar farko.

Mataki na biyar: wuta, waya da ɗakin saba

A Kano, wuta ce farkon lissafi. A watan Satumbar 2019 aka ƙaddamar da tashar sola mai haɗe da batir da janareta, mai ƙarfin megawat 7.1, a Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wuta a Karkara. Ba kowace makaranta ke da wannan ƙarfi ba, amma kowacce za ta iya ware wa ɗakin saba, wato ɗakin manyan na'urorinta, da akwatunan netwok nasu layin sola da inbata, dabam da na ofisoshi. A auna awa nawa batir ke ɗauka da gaske, a rubuta shekarar da za a sauya shi a kasafin kuɗi.

Maƙiyan na'ura a nan uku ne: zafin bazara da kan haura digiri 40, ƙurar hunturu, da tsawar damina. Ɗakin saba ya zauna tsakanin digiri 18 zuwa 27, da na'urar sanyaya ɗaki biyu masu karɓa-karɓa. A toshe tagogi, a riƙa wanke matatar iska a lokacin ƙura, a duba wayar ƙasa da maganin tsawa kafin ruwan farko.

Intanet ya shigo ta kamfani biyu, ta hanya biyu. In duka wayoyin fayiba a rami guda suke, katafilar aikin titi ɗaya ta isa ta yanke su. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa har da Najeriya. Darasin shi ne abin da ake bukata kullum a cikin haraba, kamar jarrabawar kwamfuta da rajistar asibiti, ya iya aiki ko da layin waje ya ɗauke. A kuma nemi shiga NgREN, hanyar sadarwar bincike da ilimi ta ƙasa, wadda aka ƙaddamar a 2014 da jami'o'in tarayya 27.

Game da ajiye saba a gida ko hayar ta kamfanonin waje, a raba. Imel da shafin jami'a sun fi sauƙi a haya. Amma hayar da ake biya da dala tana tashi duk lokacin da naira ta faɗi, don haka a lissafa da wannan. Makonni kafin buɗe rajista a gwada fotal da cunkoson gwaji, a kuma raba ranaku tsangaya-tsangaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na shida: wa ke yanke hukunci

Taswira ba ta kare kanta. Ana bukatar hawa uku, kowanne da rubutaccen hurumi.

Hawa na sama shi ne majalisar gudanarwa da majalisar malamai. Su ke amincewa da manufa da kasafi, su karɓi rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara.

Na tsakiya shi ne kwamitin jagoranci. Shugaban jami'a ko mataimakinsa ya shugabance shi, da magatakarda, ma'aji, shugaban ɗakin karatu, daraktan tsare-tsaren karatu, wakilan tsangayu, mai binciken kuɗi na cikin gida da wakilin ɗalibai. Daraktan sashen kwamfuta ya zama sakatare. Su zauna duk wata uku, su jera ayyuka bisa muhimmanci, su ce wannan yanzu, wancan baɗi, wancan kuma a'a.

Na ƙasa shi ne ƙaramin kwamitin ƙwararru, mutum biyar sun isa. Duk abin da za a saya ko a gina, ko kyauta aka bayar, sai ya bi ta gabansu su duba ko ya dace da taswira. A ɗaure su da wa'adi, misali mako biyu, don kada su zama shingen da kowa ke neman zagayewa. Ma'aji kuma kada ya saki ko kwabo ba tare da sa hannunsu ba. Wannan sharaɗi shi ke ba tsarin haƙori.

A rubuta ƙa'idoji da ba su wuce shafi ɗaya ba: bayani na jami'a ne, sau ɗaya ake shigar da shi, ba a sayen abin da ba ya magana da sauran, babu aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya. In an yi wa wani sashe rangwame, a rubuta dalili da ranar ƙarewarsa. Wannan ya shafi har cibiyoyin da ke samun tallafi daga waje, waɗanda kan zo da nasu na'urorin. Makarantun tarayya su tuna cewa NITDA tana tantance ayyukan fasaha na hukumomin gwamnati, sayayya kuma tana ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007.

Mataki na bakwai: sharuɗɗan kwangila

Kada a sa hannu sai takarda ta ƙunshi waɗannan. Bayanai mallakar jami'a ne, za ta iya kwashe su duk ranar da ta so, a sigar da wata manhaja za ta karanta, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Babbar kalmar sirri tana hannun jami'a. Kuɗin ɗalibai asusun jami'a yake shiga kai tsaye. An faɗi awannin da za a kawo gyara da tarar saɓawa. An faɗi yadda za a rabu da wanda za a horar kafin rabuwa.

A kula da alƙawarin kaso. Fotal da aka ce zai yi aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci yana da damar mutuwa fiye da kwana uku da rabi a shekara. Kashi 99.9 kuwa bai kai awa 9 ba. In kwana ukun suka faɗo a makon rufe rajista, dubban yara ne za su ji a jikinsu.

A lissafa kuɗin shekara biyar, da lasisi, batir, horo da gyara. Tallafin TETFund kan gina ya kuma sayi kaya, amma ciyar da su kullum nauyin jami'a ne.

Mataki na takwas: amana da tsaro

Darajar digiri tana rataye da amincin maki. Wanda ya shigar da maki kada ya zama shi ke amincewa da shi. Bayan majalisa ta amince, duk gyara sai da hannu biyu da takardar izini. Na'ura ta riƙa rubuta wanda ya taɓa, da lokaci, da abin da ke nan a da, a wurin da ko mai kula da saba ba zai iya gogewa ba. A hana aron kalmar sirri, ko tsakanin shugaba da sakatarensa. Masu manyan mabuɗai su riƙa shiga da tabbaci biyu, kalmar sirri da lambar da ke zuwa waya.

Kwafin ajiya ya zama uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wajen haraba kuma a cire daga netwok. A watan Disambar 2019 masu kutse suka kulle na'urorin Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan. Ta saƙon imel na yaudara suka shiga, kullewar ta haɗa da wasu kwafin ajiya da ke kan layi, jami'ar ta biya su fansar kusan yuro 200,000. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana aiki ba. A gwada kowane zangon karatu, a rubuta awannin da ya ɗauka. Tsofaffin kundayen maki na takarda a ɗauki hotonsu tun gara da ɗigar ruwa ba su riga mu ba.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi jami'a. Idan aka yi kutsen da ka iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 da ganowa. A naɗa jami'in kare bayanai, a daina manna sakamako da sunaye a bango ko watsa jerin lambobin waya a WhatsApp. Lambar wayar ɗaliba da bayanin lafiyarta amana ce da iyayenta suka damƙa.

Mataki na tara: mutane da awon nasara

Ƙwararren matashi yana da kasuwa a waje. A ba shi horo, hanyar ƙarin girma da kayan aiki, a kuma jawo ɗaliban sashen kwamfuta su koyi aiki a gefensa ba tare da an buɗe musu bayanan sirri ba. A kafa teburin koke guda, mai lambar waya da lambar bin sawu, wanda zai amsa da Hausa da Turanci, don uban da ya bugo daga ƙauye ya fahimci inda aka kwana.

A auna abin da ɗalibi ke ji a jikinsa: mintuna tsakanin biya da buɗewar rajista, kwanaki tsakanin gama jarrabawa da fitar sakamako, kwanakin samun takardar cikakken sakamako, da yawan waɗanda kuskuren bayani ya hana tafiya bautar ƙasa. A kai wa majalisa waɗannan alƙaluma kowane zango.

A shekarar farko, wata uku na farko a kafa kwamiti a gama ƙirga. Na biyu a raba mallakar bayanai a gyara kwafin ajiya. Na uku a ɗinke biyan kuɗi da rajista. Na huɗu a kulle hanyar maki, a rubuta taswirar shekara uku.

Kira ga shugabanni

Mafi yawan matakan nan ba sa bukatar sabuwar kwangila. Allo, kundi, zama da tsayuwar shugaba a kan ƙa'ida suke bukata. Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'inmu, wannan nauyi ba na daraktan kwamfuta ba ne shi kaɗai, naku ne, kamar yadda nauyin kuɗi da na jarrabawa yake a kanku. Kafin ku amince da sayen wata sabuwar manhaja a bana, ku nemi a kawo muku kundin abin da ke hannu, da sunan mai kowane bayani, da ranar da aka gwada dawo da kwafin ajiya na ƙarshe. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa don ɗansa ya yi karatu ya sauke nasa nauyin. Ku sauke naku, Allah Ya taimake ku.